Kafin a Ɗauki Fensir: Zango Guda a Wani Ajin Lissafi na Firamare

Ranar da na fara zama a bayan ajin, malamar ta rubuta tambaya ɗaya a allo: "Wani yaro yana da fensir 47. Ya fi ƙanwarsa da fensir 18. Fensir nawa ne da ƙanwar?" Ba ta kai ga ajiye alli ba, wani yaro a layin gaba ya riga ya cilla hannu sama yana kaɗa yatsu: "Malama ni! Malama ni!" Ta ba shi dama, ya ce 65. Ta juya ga ajin, fiye da rabinsu suka amsa baki ɗaya cewa haka ne. Can kusa da taga kuwa akwai wata yarinya da ba ta ce uffan ba. Ta rubuta 47, ta goge, ta sake rubutawa, ta sake gogewa, har takardar ta yi baƙi ta huje. Da ta ga malamar ta nufo layinsu, sai ta ɗaga hannu ta nemi izinin zuwa bayan gida.

Amsar 29 ce, kuma da wuya ka sami yaro a ajin nan da bai iya ɗebe 18 daga 47 ba. A ranar na tabbatar da haka: da aka rubuta musu lambobin tsurarsu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da alamar ɗebewa a gefe, kusan kowa ya ci, har da yarinyar da ta fita. Abin da ya kawo ni ajin ke nan. Malamar ta daɗe tana riƙe da aji huɗu, kuma ita ce ta roƙe ni in riƙa zuwa ina zama a baya, sau ɗaya ko biyu a mako, ko zan hango abin da mai tsaye gaban allo ba ya iya gani. Kukanta ɗaya ne: "Malam, yaran nan sun iya lissafi, amma da zarar an sa shi cikin labari sai ka ce ba su taɓa ganin lamba ba." Yaran 'yan shekara tara zuwa goma ne. Na yi zango guda cur ina zuwa, ina rubuta abin da na gani. Na bar sunan makarantar da na malamar da na yaran. Zan riƙa cewa yaron gaba da yarinyar taga.

Mai gaggawa da mai tsoro

Yaron gaba ba karanta tambaya yake yi ba, tsince-tsince yake. Idonsa yakan faɗa kan lambobi biyu, sannan ya nemi kalma ɗaya da za ta gaya masa abin da zai yi da su. Ba laifinsa ba ne. Tun suna aji biyu aka liƙa musu jadawali a bango: in ka ga "duka" ko "ƙari" ko "ya fi", tara; in ka ga "saura" ko "ya rage", ɗebe. Dabarar tana ci a tambayoyi da yawa na ƙananan azuzuwa, shi ya sa yara ke riƙe ta gam. Amma a tambayar fensir, yaron ne ya fi, ƙanwar kuma ake tambaya, don haka kalmar ta kai shi ta baro. A 1995, Mary Hegarty da Richard Mayer da Christopher Monk sun bi motsin idanun ɗaliban jami'a a Amurka yayin da suke warware irin waɗannan tambayoyi. Masu yawan kuskure sun fi komawa kan lambobi da irin kalmomin nan. Masu ci kuwa sun fi tsayawa kan mutane da abubuwan da labarin ke magana a kansu, suna gina hoton lamarin a ka. Ashe girma kaɗai ba ya raba mutum da wannan ɗabi'a.

Don mu auna zurfin abin, na ba malamar labarin wani gwaji da aka yi a Grenoble ta ƙasar Faransa wajen 1980. Masu bincike sun ba yaran firamare wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Cikin yara 97, 76 sun sarrafa lambobin sun ba da amsa. Ta girgiza kai ta ce nata yaran ba za su faɗa wannan rami ba. Washegari ta rubuta tata: "A wani aji akwai tebur 12 da taga 4. Shekarun malamin ajin nawa?" Yara uku ko huɗu ne kawai ba su rubuta komai ba, kuma ko su ba wanda ya buɗe baki ya ce tambayar ba ta amsuwa. Yaron gaba ya rubuta 48. Na tsugunna kusa da shi na ce ya gaya mini yadda ya yi. Ya ce: "Na tara na sami 16, to malami ba zai zama ɗan shekara 16 ba. Na ɗebe na sami 8, shi ma bai yi ba. Sai na yi sau, na sami 48. Wannan ya yi daidai da malami."

Na kwana ina juya wannan amsa. Yaron yana da tunani, mai kaifi ma kuwa. Ya gwada hanya uku, ya auna kowace da abin da ya sani na duniya, ya zubar da biyu. Sai dai duk wannan ƙoƙari ya ƙare a neman lambar da za a karɓa daga hannunsa. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa ba ko tebur da taga suna da abin da za su faɗa game da shekarun mutum. Shekara huɗu a makaranta sun koya masa cewa kowace tambaya tana da amsa, amsar lamba ce, kuma wanda ya riga faɗa shi ne gwani.

Ita kuwa yarinyar taga tana karantawa, har sau uku ma, amma ba abin da ke zama. Da muka saba, ta gaya mini cewa da zarar Malama ta ce a fito da littafin lissafi, cikinta yakan murɗa, tafin hannunta ya jiƙe, ta ji kamar kowa ita yake kallo. "Ina karantawa, kafin in kai ƙarshe na manta farko." Wannan magana ta yi daidai da abin da masana suka daɗe suna bayani. Ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan fili da take ɗora abubuwan da ake aiki da su yanzu-yanzu, kamar ƙaramin allo: ga 47, ga 18, ga wanda ya fi, ga abin da ake nema. Allon ƙarami ne ƙwarai. Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa abin da babban mutum ke iya riƙewa a kansa lokaci guda bai wuce kamar guda huɗu ba. A shekarar dai Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk suka nuna cewa fargabar lissafi tana cin wannan fili. Tunanin "zan faɗi, za a yi mini dariya" shi ma wurin zama yake nema, sai ya ture lambobin gefe. Abin kuma da wuri yake farawa: Gerardo Ramirez da Sian Beilock da abokan aikinsu sun same shi a 2013 tsakanin 'yan aji ɗaya da aji biyu, kuma ya fi yi wa yaran da allon nasu ya fi faɗi illa, wato waɗanda da ma suka fi dogara da shi.

Mun zauna da malamar muka dubi yaran nan biyu, muka ga inda suka haɗu. Shi hankalinsa ya yi gaba, ya tafi wajen amsa da yabon Malama. Ita nata ya tafi wajen kunyar da ba ta ma zo ba tukuna. Tambayar kuwa tana nan a allo, ba mai kula ta.

Gwajin farko

Malamar ta taɓa karantawa game da horon tattara hankali, irin wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts, shiri na mako takwas domin masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa. Gundarinsa shi ne mutum ya ajiye hankalinsa da gangan a kan abin da ke faruwa a wannan lokaci, ba tare da yanke wa kansa hukunci ba. In hankalin ya zille, ya dawo da shi. Daga asibiti abin ya shiga makarantu. A 2015 Kimberly Schonert-Reichl da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji daga lardin British Columbia na Kanada, da yara 99 'yan aji huɗu da biyar. Waɗanda aka sa su sauraron numfashinsu na minti uku, sau uku a rana, haɗe da darussa kan sanin kai da zama da mutane, sun fi takwarorinsu a gwajin riƙe hankali, makinsu na lissafi ma ya fi. Gwajin ƙarami ne, azuzuwa huɗu kacal, amma ya ba ta ƙarfin guiwa.

Sai ta fara: kafin darasi, kowa ya rufe ido, minti biyar ana numfashi. Makon farko dariya da tsokana ne. Mako na biyu ajin ya yi tsit, har malamin ajin da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ya ga ko lafiya. Amma da muka tattara littattafan, babu abin da ya motsa. Yaron gaba yakan yi numfashinsa tsaf, ya buɗe ido, ya ga "ya fi", ya tara. Yarinyar taga kuwa abin ƙara mata ya yi. Ta ce in ta rufe ido, ba abin da take gani sai lissafin da ke tafe, minti biyar ɗin nan jiran tsammani ne kawai.

Ban yi mamaki sosai ba. A 2022 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin masana daga Jami'ar Oxford da wasu jami'o'i, a makarantu sama da 80 da ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14. Darussan tattara hankali da aka koyar wa aji gaba ɗaya ba su fi darussan da aka saba yi amfani ba wajen lafiyar zuciyar ɗaliban, kuma da yawansu ba su riƙa yin atisayen a gida ba. Ba a kan lissafi aka yi gwajin ba, ba kuma a kan 'yan firamare ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara. A ganina dalilin gazawarmu a fili yake: natsuwar da aka samu a minti biyar na farko ba ta bin yaro har tambaya ta bakwai. Mun ajiye ta a bakin ƙofa, alhali a cikin tambayar ake bukatarta.

Shigar da natsuwa cikin tambayar kanta

Abu biyu suka gyara mana hanya. Na farko aikin Ellen Langer ta Jami'ar Harvard, wadda a wurinta tattara hankali ba ya bukatar rufe ido; lura ce da abin da ke gabanka kamar yau ka fara ganinsa. A wani gwaji da ta yi da Alison Piper a 1987, an nuna wa mutane wani abu na roba. Wasu an ce musu abin wasan kare ne, wasu an ce musu zai iya zama abin wasan kare. Da bukatar abin goge rubutu ta taso, waɗanda aka ce wa "zai iya zama" su ne suka tuna cewa robar za ta yi wannan aiki. Jadawalin bangon nan namu duk "ne" da "ce" ne. Malamar ta cire shi da hannunta, ta gaya wa yaran: "Kalmar 'fi' tana iya kai ku ga tarawa, tana iya kai ku ga ɗebewa. Sai kun ga wa ya fi wa, wa kuma ake tambaya."

Na biyu George Polya, masanin lissafi haifaffen Hangari da ya koyar a Jami'ar Stanford. A ɗan littafinsa na 1945 ya kasa warware matsalar lissafi mataki huɗu: fahimtar tambaya, tsara hanya, bin hanyar, sannan waiwaye. Yaranmu a mataki na uku suke faɗawa, a nan kuma suke fita. Don haka muka ce a kai natsuwar inda aka yi watsi da shi, wato farko da ƙarshe.

Ga yadda darasin ya koma. Malama takan rubuta tambaya, ta rufe lambobin da 'yan guntayen takarda. Sai ta ce, "Fensir ƙasa." Kowa ya ajiye, ya shimfiɗa tafin hannu a kan tebur, ido a buɗe, a ja numfashi uku a hankali. Bai kai rabin minti ba. Sannan a karanta tambayar sau ɗaya, kowa ya juya ya ba na kusa da shi labarin da bakinsa. Ranar farko yaron gaba ya kasa haƙuri. Hannuwansa suna kan tebur amma ƙafarsa tana ta rawa, can ya fashe: "Malama, ai babu lamba! Me za mu yi?" Ta ce, "Gaya mini abin da ka gani." Ya yi shiru, ya sake duban allon, kuma ina jin wannan ne karo na farko da ya karanta tambaya daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Akwai yarinya da ƙawarta. Yarinyar ta fi ƙawar littattafai." Ta ce, "Wa ake tambaya?" Ya ce, "Ƙawar." Ta ce, "To in na buɗe lambar yarinyar, ta ƙawar za ta fi ta ko ba za ta kai ta ba?" Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce a hankali, "Ba za ta kai ba." Rufe lambobin ya ƙwace masa abin da yake wawura, ya bar shi da labarin.

Bayan an buɗe lambobin, sai a zana: sanda doguwa ta mai yawa, gajeriya ta mai kaɗan, a nuna inda tazarar take. Daga nan ne ake yin lissafin. In an gama, a sake ajiye fensir, numfashi ɗaya, kowa ya mayar da amsarsa cikin labarin ya karanta ya ji ko ta zauna.

Saboda masu irin halin yarinyar taga, malamar ta ƙara abu guda, kuma ga ajin duka ta faɗa don kada a nuna kowa da yatsa. Ta ce: "In kun ji cikinku ya murɗa, kada ku yi kokawa da shi. Ku ce a ranku, ga tsoron nan ya zo. Sannan ku ɗora yatsa a kan kalmar farko. In kuma kun farga hankalinku ya tafi wani wuri, ku yi ɗan ɗigo a gefen takarda, ku dawo. Ba zan rage wa kowa maki don ɗigo ba. Kowane ɗigo yana nuna mini kun kama kanku kun dawo." Bayan mako biyu na duba littafin yarinyar. A gefen tambaya ɗaya akwai ɗigo bakwai a jere, ƙarƙashinsu sanduna biyu, ƙarƙashin sandunan amsa daidai. Takardar ba ta huje ba.

Akwai ɓangaren da ba mu shirya masa ba, kuma shi na fi ba muhimmanci. Ina zaune a baya na lura cewa in malamar ta jefa tambaya, da ƙyar take jira sakan ɗaya kafin ta kira wani ko ta amsa da kanta. Mary Budd Rowe ta auna wannan a azuzuwan Amurka tun farkon shekarun 1970: malamai sukan jira kimanin sakan ɗaya, kuma in aka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshin yara sukan ƙara tsawo, masu shiru ma su fara magana. Da na gaya mata, ta yi jim, sannan ta ce: "Malam, shirun ne ba na iya ɗauka. Ina ƙarama an taɓa tsayar da ni gaban allo na kasa, ajin ya yi shiru ana kallona. Har yau in aji ya yi shiru a darasin lissafi, sai in ji ni ce a tsaye." Malama ce ƙwararriya, mai son yaranta, amma tsoron da ta ɗauko tun tana yarinya shi ke kaɗa mata agogon ajin. Beilock da abokan aikinta sun bi malamai mata 17 na aji ɗaya da biyu a wani bincike da suka wallafa a 2010, suka ga cewa a ƙarshen shekara, inda malama ta fi fargabar lissafi, 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, kuma masu wannan yarda makinsu ya fi ƙasa. Yara suna karanta malami fiye da yadda suke karanta allo.

Ta ɗauki maganar da gaske. Ta hana ɗaga hannu sai ta ba da alama, takan kuma ƙirga biyar da yatsunta a bayan baya kafin ta ba da ita. Ta kuma fara yin tunaninta a bayyane. Wata rana tana tsakiyar aiki a allo ta tsaya cak ta ce: "Tsaya. Hankalina ya yi gaba, na fara tarawa ban duba wa ake tambaya ba. Bari in koma." Ta yi ɗigo a gefen allon, ta koma farkon jimlar. Ajin ya yi shiru, kuma wannan karon ta bar shirun ya zauna.

A mako na tara ta ba su tambayar motoci: "Ɗalibai 130 za su yi tafiya. Kowace mota tana ɗaukar 24. Mota nawa ake bukata?" Irin wannan tambaya tana da tarihi. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi wa 'yan shekara 13 a Amurka a farkon shekarun 1980, an tambayi motocin da za su kwashe sojoji 1,128 in kowace tana ɗaukar 36. Kimanin kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 ne kawai suka ce 32. Kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", kashi 18 kuma suka ce 31. Yaron gaba ya gama rabawarsa cikin ƙiftawar ido, ya rubuta "5 saura 10". Hannunsa ya fara tashi, ya kai rabi, sai ya sauke shi da kansa. Ina kusa, na ji yana raɗa: "Mota 5 saura 10... saura 10 me?" Ya ɗan jima yana kallon takardar, sannan ya soke, ya rubuta "mota 6". Da aka ba shi dama ya ce: "Malama, in biyar ne, yara goma za a bari a tsaye."

Yarinyar taga ba ta yi rabawa ba sam. Ta zana akwati, ta rubuta 24 a ciki, ta zana wani, tana tarawa a gefe: 48, 72, 96, 120. Sannan ta ja 'yan sanduna goma a waje, ta tsaya tana kallonsu, ta zagaye su da akwati na shida. Malama ta tambaye ta ko za ta nuna wa aji, ta ce ba sai ta taso ba. Daga zaune ta ɗaga littafin ta yi bayani, muryarta tana ɗan rawa. Ranar ce na fara jin muryarta a darasin lissafi.

Inda abin bai kai ba

Akwai wani yaro a tsakiyar aji, wanda ya fi kowa natsuwa. Yakan ajiye fensir, ya yi numfashi, ya zuba wa allo ido, aikinsa kuma bai taɓa gyaruwa ba. Sai a mako na shida na zauna kusa da shi na karanta masa tambaya da baki, nan take ya faɗi amsa daidai. Karatu ne bai iya ba. Kalma ɗaya-ɗaya yake haɗawa, ya ɓoye hakan shekara da shekaru a bayan shirunsa. Na ji zafin jinkirin da muka yi kafin mu gano. Malamar ta ware masa lokacin karatu daban, ta kuma sa maƙwabcinsa ya riƙa karanta masa tambaya kafin nan. Akwai kuma yara biyu ko uku da suke fahimtar labari sarai, su zana shi daidai, amma su tuntsure a ninkawa domin jadawalin sau bai zauna musu ba. Su maimaici suke bukata, kuma shi aka ba su.

Wani uba ma ya zo, ya ji ɗansa yana maganar numfashi a darasin lissafi, yana son ya san ko wata ibada ake koya musu. Tambayarsa tana kan hanya, domin Kabat-Zinn daga al'adar tunani ta mabiya Buddha ya samo atisayensa kafin ya tsara su domin asibiti. Malamar ta ba shi kujera ya zauna darasi guda. Ya ga hannu a kan tebur, numfashi uku, ido a buɗe, ba wata kalma da ake maimaitawa. Ya yi godiya ya tafi. Ina ganin duk malamin da zai gwada irin wannan, gara ya sanar da iyaye tun kafin su tambaya.

Babban kuɗin da aka biya lokaci ne. Darasin da a da ake yin tambaya goma, yanzu uku ake yi, wani lokaci biyu. Shugaban makarantar ya nuna damuwa kan manhaja, kuma yana da gaskiyarsa, domin akwai babi guda da ba a kai gare shi ba. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa ta zo yadda ta saba, tambayoyi da yawa, agogo yana tafiya. Yaron gaba ya gama, kuma kurakuran gaggawa sun ragu ƙwarai a takardarsa. Yarinyar taga ta bar shafi biyu na ƙarshe ba ta taɓa ba, ko da yake mafi yawan abin da ta taɓa ta ci. Ana tsakiyar jarrabawar ta sake neman izinin fita. Tsoron yana nan. Abin da ya sauya shi ne ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mun sauya abubuwa da yawa lokaci guda: jadawalin bango, rufe lambobi, zane, jiran malama, numfashi. Ci gaban da na gani a littattafan yaran, na waɗannan abubuwa ne su duka. Matsayin numfashin a wurina shi ne yana buɗe ɗan tsakani daga ganin tambaya zuwa wawurar fensir. In ba a zuba aiki a wannan tsakani ba, mako biyunmu na farko sun nuna abin da ke faruwa. Ga yarinyar taga kuma, shi ne ya riƙa share mata ɗan wuri a kan allon nan nata har labarin ya sami inda zai zauna.

A makon ƙarshe malamar ta sake ɗana musu tarko, ba tare da ta rufe lambobi ba, ba kuma ta ce "fensir ƙasa" ba: "Jirgin ƙasa yana da tarago 9. Ya tsaya a tasha 6. Fasinja nawa ne a ciki?" Yaron gaba ya ajiye fensirinsa da kansa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya jira alama, sannan ya ce, "Malama, ba a gaya mana ba." Yarinyar taga ba ta yi magana ba, amma a ƙarƙashin tambayar ta rubuta tata: "Mutum nawa ne a kowane tarago?" Wajen kashi ɗaya cikin uku na ajin kuwa sun rubuta 54 ko 15. Malamar ta ware littattafansu gefe guda, ta rubuta sunayensu a bayan rajista, ta ce da su za ta fara in an dawo hutu.